Heike Kamerlingh Onnes, Mai Awon Sanyi Na Birnin Leiden

Da editan mujallarmu ya aiko mini da saƙo cewa a wannan fitowa ni zan cike filin tarihin mashahuran mutane, sai da na yi dariya, domin duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san mazaunina: can baya kusa da taga, inda idon malami ba ya saurin kaiwa. To, tunda an ɗora mini, na ce zan yi, amma ba zan kawo sarki ko jarumin yaƙi ba. Wanda na zaɓa wani Bature ne ɗan ƙasar Holan, sunansa Heike Kamerlingh Onnes, wanda ya ƙare rayuwarsa yana awon sanyi. Ina roƙon malamanmu na kimiyya, Allah ya ƙara musu lafiya, inda na yi tuntuɓe su yi mini gyara kamar yadda suka saba.

Abin da ya kai ni gare shi wani abu ne da ya same ni a wurin aiki. Sashen da nake yana kula da ajiyar alluran riga-kafi, kuma ƙa'idar yawancinsu ita ce su zauna a firiji tsakanin digiri 2 da digiri 8, a duba ma'aunin zafi safe da yamma, a rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ƙofa. Wata rana muka je rangadi wani wuri da ba zan ambata ba. Saura kwana tara wata ya ƙare, amma na tarar an cike takardar tsaf har ranar ƙarshe, kowane gurbi digiri 5, da biro ɗaya, da hannu ɗaya. Na buɗe firijin, sai ɗumi ya bugi fuskata. Alluran da aka tanada domin 'ya'yan mutane, ala tilas muka kwashe su aka zubar. A hanyar komawa na kasa magana da kowa. Abin da ke yawo a raina shi ne ɗakin gwaje-gwajenmu na makaranta, da yadda malaminmu na fiziks yakan tsaya a kanka sai ya ga ka sunkuya ka daidaita idonka da ma'auni kafin ka rubuta lamba. Wanda ya kwafi lambar maƙwabcinsa kuwa, ya san sauran. Daga baya, ina karance-karance a kan yadda aka fara sarrafa sanyi da awonsa, na yi ta cin karo da sunan Onnes.

An haife shi ranar 21 ga Satumba, 1853, a garin Groningen da ke arewacin Holan. Mahaifinsa yana da masana'antar bulo. Sakandaren da ya yi irin ta zamani ce a wancan lokaci, ta fi ba da ƙarfi ga lissafi da kimiyya, ba a koyar da Latin da Girkanci, saboda haka sai da ya nemi darasin waɗannan harsuna a gefe kafin ya shiga jami'ar garinsu a 1870. Shekara guda bayan haka ya tafi Heidelberg ta ƙasar Jamus, ya zauna a hannun manyan malamai biyu, Kirchhoff da Bunsen. I, Bunsen ɗin nan dai mai murhun gas da muka sha ƙona yatsu da shi. Ya dawo gida a 1873, ya sami digirin dakta a 1879 da bincike a kan sabbin hujjojin da ke nuna duniya tana juyawa. Ya taɓa aikin mataimaki a kwalejin fasaha ta Delft, sannan a 1882, yana da shekara 29, aka naɗa shi farfesan fiziks na gwaji a Jami'ar Leiden. Ya riƙe kujerar nan har 1923.

Tun a laccarsa ta kama aiki ya bayyana aƙidarsa, cewa ta hanyar awo ake kaiwa ga sani, kuma da so samu ne da an rubuta haka a ƙofar kowane ɗakin gwajin fiziks. Yana da aboki a Amsterdam, van der Waals, wanda ya fito da wani lissafi da ke nuna cewa iskoki duk halinsu ɗaya ne in an gwada kowacce da mizanin da ya dace da ita, wato in ka san yadda ɗaya take komawa ruwa, kana iya hasashen ta biyu. Onnes ya ɗaura niyyar tabbatar da wannan magana da awo. Iskokin da suka fi dacewa da gwajin su ne masu sauƙin tsari irin su haidirojin, su kuwa ba sa nuna halinsu sai cikin matsanancin sanyi. Wato shi tun farko sanyin kayan aiki ne a wurinsa.

Bari in tuna mana darasin aji huɗu, don kada lambobin da ke tafe su rikita wani. Sanyin hunturun da muke kuka da shi in an kore mu wanka da asuba bai wuce digiri 10 ko 12 sama da sifili ba. Ruwa yana daskarewa a sifili. Iskar oksijin tana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili, naitirojin a 196, haidirojin a 253, hiliyam kuwa sai an kai kusan 269. Daga nan saura ƙiris a kai maƙura, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili, inda babu sauran sanyi bayansa. Daga wannan maƙura ake fara ƙirgar kelbin, don haka ruwan haidirojin yana kelbin 20, na hiliyam yana 4.2.

Yaya ake sauka can? Asalin dabarar tana cikin randar da ke tsakar gidanmu: ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska tana kwashe shi, abin da ya rage a ciki yana yin sanyi. Onnes famfo ya sa a madadin iska. In aka zuba ruwan wata iska a tulun gilashi, aka sa famfo yana zuƙe tururin da ke samansa, sai ruwan ya yi ta tafasa yana ƙara sanyi. Da wannan sanyin ake mai da iska ta biyu ruwa, ita ma a zuƙe ta, a kama ta uku, kamar mai sauka rijiya taki bayan taki. A Leiden sun fara da wata iska mai suna metil kulorayid, ta kai su wajen digiri 90 ƙasa da sifili, sai etilin, sai oksijin, sai iskar da muke shaƙa. Kowane mataki yana da famfonsa da bututunsa da ma'aunin matsinsa, kuma iskar tana zagayawa ne ta dawo, ba a zubar da ita. Ya ɗauki fiye da shekara goma yana gina wannan tsari kafin ya soma samun ruwan oksijin yadda yake so a 1894.

Sai kuma babbar matsala: da me za ka auna? Ma'aunin zafi irin na asibiti ba shi da amfani a nan, domin zaibar da ke cikinsa tana daskarewa tun a digiri 39 ƙasa da sifili. Dole sai an ƙera wani. Babban ma'auninsu ɗan ƙoƙon gilashi ne cike da iska, an haɗa shi da siririn bututu zuwa ma'aunin matsi. In sanyi ya ƙaru matsin iskar ya ragu, daga nan a lissafa. Da shi suke daidaita na biyu, wato wayar filatinam ko ta zinariya, wadda turjiyarta ga wutar lantarki ke raguwa in ta yi sanyi. Na uku kuwa shi ne matsin tururin da ke saman ruwan kansa, domin kowane matsi yana da sanyin da ke tafiya da shi. Ka ga kenan mai riƙe da bawul ɗin famfo shi ke riƙe da sanyin, kuma in ya yi sakaci na minti ɗaya, lambar da mai karatu ya rubuta ta zama ƙarya.

Ana cikin wannan aiki, a 1895, hukumar birni ta taso masa. Mutanen Leiden ba su manta da ranar 12 ga Janairu, 1807, ba, ranar da wani jirgin ruwa maƙare da albarushi ya fashe a tsakiyar gari, ya kashe mutum 151, ya rushe ɗaruruwan gidaje. Ɗakin gwaje-gwajen Onnes kuwa a kan wannan kufai aka gina shi. Da aka ji farfesa yana tara iskoki masu kama wuta cikin tukwanen ƙarfe, sai aka dakatar da aikin. Wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis zai tausaya masa. An kafa kwamiti, an nemi shaidar masana na ƙasashen waje, har James Dewar na Landan, wanda shi ne babban abokin gasarsa, ya rubuto yana goyon bayansa. Ba a sake shi ba sai 1898, kuma a shekarar nan Dewar ya riga shi mai da haidirojin ruwa. Dewar ɗin nan shi ne ya ƙirƙiro filas mai bango biyu da muke zuba shayi a ciki.

A nan ne nake ganin Onnes ya bambanta da sauran. Maimakon ya yi gaggawar kamo Dewar, sai ya buɗe makaranta. A 1901 ya kafa makarantar koyon ƙera kayan awo a cikin ɗakin gwaje-gwajen, inda ake ɗaukar samari ana koya musu ƙira da gyaran famfo da busa gilashi. Mutanen gari suna kiransu yara masu shuɗi, saboda launin kayan aikinsu. Makarantar tana nan a Leiden har yau. Mutum biyu ne ginshiƙan wurin: Gerrit Flim, shugaban masu injuna, da Oskar Kesselring, Bajamushe mai busa gilashi, wanda ke iya ƙera tulu cikin tulu cikin tulu ba tare da ko ɗaya ya tsage ba. Da na karanta labarinsu sai na tuna ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda ke wanke kwalabe, ya haɗa batura, ya jera komai kafin mu shigo. Ranar rabon kyaututtuka ban taɓa jin an kira sunansa ba, kuma ni ma ban taɓa tsayawa na gode masa ba.

Shekara takwas bayan Dewar, a 1906, injin haidirojin na Leiden ya tashi. Ya makara, amma yana ba da wajen lita 4 a awa guda, kullum aka buƙata, ba tare da ya toshe ba. Sannu ba ta hana zuwa. Dewar gwani ne na gaske, sai dai mutum ne mai ɓoye dabararsa, mai yawan faɗa da abokan sana'a, kuma biyu daga cikin mataimakansa kowanne ya rasa ido ɗaya a fashewar kayan aiki. Onnes kuwa yana buga duk abin da ya yi dalla-dalla cikin mujallar ɗakin gwajinsa, da zanen injuna, yana kuma buɗe ƙofa ga baƙi. Ko Marie Curie ta zo sun yi aiki tare a kan radiyam cikin sanyin ruwan haidirojin.

Iska ɗaya ta rage, hiliyam. An fara ganin alamarta cikin hasken rana a 1868, ba a same ta a ƙasa ba sai 1895, a hannun William Ramsay. Samunta da yawa aiki ne. Ƙanen Onnes, wanda ke shugabantar wani ofishin harkar ciniki a Amsterdam, ya samo masa buhunan wani yashi mai suna monazait daga jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Suka yi watanni suna gasa yashin, suna tace iskar da ke fita da gawayi mai sanyi, har suka tara lita 360. Kafin ya gina komai, sai da ya zauna ya auna halin hiliyam a matsi dabam-dabam da sanyi dabam-dabam, ya sa cikin lissafin van der Waals, ya gano cewa za ta iya zama ruwa in an sauka ƙasa da kelbin 5 ko 6. Wannan awo shi ya gaya masa aikin zai yiwu. Akwai wani sirri kuma: iskar da aka matse in aka sake ta ta ƙaramar kafa takan yi sanyi, kamar yadda muke ji a bakin bawul ɗin tayar keke, amma hiliyam ɗumi take yi, sai fa in an riga an sanyaya ta ƙasa da wajen kelbin 40. Ruwan haidirojin mai yawa ne kaɗai zai yi wannan, shi kuwa yana da shi.

Ya yi tuntuɓe sau ɗaya. A watan Maris na 1908 ya ga wani farin abu kamar gari a cikin bututu, ya buga wa Dewar waya cewa ya daskarar da hiliyam, jaridu suka ɗauka. Da ya sake bincike sai ya tarar ɗan haidirojin ne ya gurɓata iskar, shi ne ya daskare. Ya fito fili ya janye maganarsa. Na daɗe ina tunanin wannan, domin na san yadda yake da nauyi mutum ya koma ofis ya ce rahoton da na sa wa hannu jiya ba daidai ba ne.

Sai ranar 10 ga Yuli, 1908. Tun jajibere sun tanadi lita 75 na ruwan iska. Da ƙarfe 5:45 na asuba aka tada injin haidirojin, zuwa ƙarfe 1:30 na rana an tara lita 20. Da ƙarfe 4:20 na yamma aka fara zagaya hiliyam, ana matse ta da ƙarfin da ya ninka matsin iskar duniya sau 100, ana sakinta. Tulun da ake sa ran ruwan zai taru a ciki yana zaune cikin tulun ruwan haidirojin, shi kuma cikin na ruwan iska, shi kuma cikin barasa mai ɗan ɗumi, don kada raɓa ta rufe gilashi a kasa gani. Onnes bai zauna cin abinci ba, matarsa ce ta zo tana miƙa masa burodi yana tsaye. Ma'auni ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, sannan ya tsaya cik ƙasa kaɗan da kelbin 5. Aka zuba kwalbar haidirojin ta ƙarshe. Aka leƙa tulu, ba a ga komai ba. Kowa ya ɗauka an yi asarar yini.

Wajen ƙarfe 7:30 wani farfesan kemistiri da ya shigo kallo, Schreinemakers, ya kawo shawara cewa mai yiwuwa ma'aunin ya ƙi motsi ne don yana nutse cikin ruwa mai tafasa. Ku tuna, ruwan da ke kan murhu ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka iza masa. Aka haska fitila daga ƙasa, sai ga layin saman ruwan ya bayyana. Ruwan hiliyam garai yake har ido ba ya rabe shi da iska. Ashe ma'aunin ya daɗe yana faɗin gaskiya, mutanen ne ba su fahimce shi ba. Abin da aka samu bai fi mililita 60 ba, cikin ɗan kofin shayi. Nan take ya sa famfo ya zuƙe tururin ko ruwan zai daskare, aka sauka ƙasa da kelbin 2, bai daskare ba. Aka rufe aiki kusan ƙarfe goma na dare. Daga ranar har 1923, lokacin da Jami'ar Toronto ta Kanada ta yi nata, babu inda ake samun ruwan hiliyam a duniya sai Leiden.

Da wannan sanyi a hannu, sai ya koma ga wata tsohuwar gardama: me zai sami turjiyar waya in an kusa maƙurar sanyi? Lord Kelvin yana ganin wutar za ta tsaya gaba ɗaya. Wasu suna ganin turjiyar za ta yi ta raguwa a hankali. Gwajin filatinam da zinariya bai raba gardama ba, domin ɗan dattin da ke cikin ƙarfen yana ɓata awon. Sai suka zaɓi zaiba, don ana iya tafasa ta a tace sau da yawa har ta yi tsarki. Kesselring ya ƙera siraran bututun gilashi, aka ɗura zaibar, aka daskarar da ita a hankali ta zama waya.

Yadda suka tsara karatun awon ranar 8 ga Afrilu, 1911, shi ne ya fi burge ni. Flim yana kan injuna. Cornelis Dorsman yana kan ma'aunan sanyi. Wani saurayi, Gilles Holst, yana wani ɗaki can nesa a gaban galbanomita, na'urar da ke nuna ƙanƙanuwar wutar lantarki ta hanyar ɗan madubi mai jujjuya haske. An nisantar da shi ne don bugun famfuna yana girgiza ƙasa, girgizar kuwa tana karkatar da madubin. Ta cikin bututu yake kiran lamba, Onnes yana rubutawa da fensir a ɗan littafinsa, kowace lamba da lokacinta. Da ƙarfe 4 na yamma, a wajen kelbin 3, ya rubuta cewa turjiyar zaiba kusan babu. Suka sake a watan Mayu, suka kuma sakewa a watan Oktoba, wannan karon suna hawa da sauka a hankali, suka ga abin ba a hankali yake faruwa ba. A kelbin 4.2 turjiyar takan faɗi farat ɗaya, daga wajen kashi ɗaya cikin goma na om zuwa abin da na'urarsu ta kasa gani. Babu wanda ya yi hasashen haka, kuma ba a sami cikakken bayaninsa ba sai 1957. Daga baya suka ga darma da kuza ma suna yi, kuma a 1914 ya saki wuta cikin zoben darma, ya cire batir, wutar ta ci gaba da zagayawa.

An daɗe ana ba da labari wai ɗaya daga cikin yara masu shuɗi ne ya yi gyangyaɗi a bakin bawul, sanyi ya ragu, turjiya ta dawo, a nan aka gane ba waya ce ta haɗe ba. Labari ne mai daɗi, amma littattafan Onnes ba su goyi bayansa ba. Su kansu littattafan sun yi shekaru a gidan tarihi na Boerhaave da ke Leiden ba a gane shafin ba, domin rubutunsa kamar tafiyar kaza yake, kuma a wani wuri bai sa shekara ba, a wani wurin ya sa wadda ba ita ba. Sai a 2010 wasu masana biyu, Dirk van Delft da Peter Kes, suka warware su. A shafin ranar nan ta 8 ga Afrilu suka tarar da wani abin mamaki: ya rubuta cewa da aka kai can ƙasa, wajen kelbin 2, sai tafasar ruwan hiliyam ta tsaya cik. Bai san ma'anarsa ba, amma ya gani, ya rubuta. Abin da ya gani shi ne juyewar hiliyam zuwa wani irin ruwa mai kwarara ba tare da wani cikas ba, wanda ba a gane shi sosai ba sai 1938. Da irin mai cike takardar firijin nan ne, da ya rubuta abin da ya saba gani ya wuce.

Ba zan ɓoye laifinsa ba. Rahotannin zaiba da sunansa kaɗai suka fita, Holst godiya kawai ya samu a ƙarshen takarda, alhali shi ya zauna a gaban madubin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka al'adar manyan farfesoshi take a zamanin, amma al'ada ba ta mai da shi daidai ba. Holst dai bai taɓe ba, a 1914 ya koma kamfanin Philips ya zama shugaban ɗakin bincikensa na farko. Onnes uba ne ga ma'aikatansa, irin uban da ke kula da kai amma ba ya barinka ka huta. A 1913 aka ba shi kyautar Nobel saboda bincikensa a kan halin abubuwa cikin sanyi, wanda ya kai ga samar da ruwan hiliyam.

Ya yi mafarkin yin maganaɗisu mai ƙarfin gaske da irin wannan waya, amma a 1914 awonsa ya nuna masa cewa ƙarfin maganaɗisu kaɗan yana dawo da turjiyar darma. Sai bayan shekara kusan hamsin aka sami ƙarafan da ke jurewa. Yau duk wanda aka taɓa kwantar da shi cikin na'urar MRI a asibiti, galibi wayar da ke kewaye da shi tana jiƙe ne cikin ruwan hiliyam a kelbin 4.2. Gawayin nan mai sanyi da suka tace hiliyam da shi, wanda Dewar ya fara gano amfaninsa, shi ne zuciyar famfon sanyi na zamani: faranti ne da ake sanyaya shi ƙwarai, duk iskar da ta taɓa shi ta manne, wurin ya zama fanko. Aikin Holst da Dorsman kuwa kwamfuta ce ke yinsa yanzu, tana karɓar lambobi daga ɗaruruwan ƙananan ma'aunai kowace daƙiƙa tana ajiyewa. Duk da haka ana shan mamaki. A cibiyar CERN da ke iyakar Faransa da Suwizalan, inda zoben maganaɗisu mai tsawon kilomita 27 ke zaune a kelbin 1.9, ranar 19 ga Satumba, 2008, mahaɗar waya ɗaya da ba ta kamu da kyau ba ta narke, wajen tan 6 na hiliyam ya tsere, aka ciro maganaɗisu 53, aiki ya tsaya fiye da shekara. Cikin gyaran da suka yi har da ƙara na'urorin da ke sa ido a kan kowace mahaɗa.

Onnes bai taɓa zama mai ƙoshin lafiya ba, ƙirji ya dame shi tun yana saurayi. Bayan yaƙin duniya na farko ya sa hannu wajen taimakon yaran ƙasashen da yunwa ta kama. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai, daskarar da hiliyam. Ya yi ta ƙara famfuna, manya da ƙanana, har a 1922 ya ba da rahoton ya sauka wajen kelbin 0.8, ruwan yana nan ruwa. Ya rasu a Leiden ranar 21 ga Fabrairu, 1926, yana da shekara 72. Ana ba da labari cewa ranar jana'izarsa an makara a coci, sai motar gawa ta ƙara sauri, ma'aikatansa suna biye da ita a ƙasa suna haki cikin baƙaƙen kwat, har ɗayansu ya ce da na kusa da shi tsohon nan ko yanzu sai da ya sa su gudu.

Wata huɗu bayan haka, tsohon ɗalibinsa Willem Keesom, wanda ya gaji ɗakin gwajin, ya daskarar da hiliyam. Ashe zuƙa kaɗai ba za ta taɓa yi ba ko da an kai maƙurar sanyi. Sai an danne ruwan da matsin da ya ninka na iskar duniya aƙalla sau 25. Shi ma Keesom bai ga ƙanƙarar da idonsa ba a karon farko. Cikin siririn bututun ƙarfe ta daskare, ma'aunin matsi ne ya nuna masa bututun ya toshe.